Furen Ƙarshen Damina a Tsakar Gida

Ina gaida mutanen cikin garin Haɗeja. Ina gaida na Auyo da Kafin Hausa, da na Malam Madori da Kaugama da Birniwa. Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwanmu na Guri da Kirikasamma, waɗanda a irin wannan lokaci wasunsu sai da kwalekwale suke kaiwa kasuwa. Allah Ya sa ruwan bana ya zame mana na albarka.

Yau maganar fure za mu yi. E, fure. Furen tsakar gida, a ƙarshen damina.

Na san wani zai ce, Malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Kogi ya cika ya batse, mutane suna kwana a bakin jinga da buhunan yashi, kai kuma kana zancen fulawa? Wannan magana tana kan hanya, kuma zan dawo kanta kafin mu rabu. Amma ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

Ga abin da nake so mu riƙe. Shukar da ta yi fure a farkon damina ta daina, yawanci ba ta gama ba. Tana iya sakewa. Abu biyu take nema a wurinmu. A tsame saiwarta daga ruwa, a tsinke furen da ya gama aikinsa. In kun manta da duk abin da zan faɗa yau, ku riƙe waɗannan biyun.

To, bari mu fara daga fadama, don can ne makarantar.

Duk wanda ya bi ta wajen Baturiya a ƙarshen damina ya ga bado. Ganyensa ya shimfiɗu a kan ruwa, fararen furanninsa sun cika tafki. Farin bado da yamma yake buɗewa, ya kwana a buɗe, in rana ta ɗaga sai ya tsuke. Akwai kuma mai ɗan shuɗi-shuɗi, shi da rana yake nasa. Wa ya shuka bado? Babu. Da rani, in tafkin ya ƙafe, laka ta tsage, ba ka ganin ko alamarsa. Amma yana nan. Tushensa yana kwance a cikin laka, ya tara abinci, yana jira. Ruwa na zuwa sai ya tofo. Bara ya yi, bana ya yi, baɗi ma in Allah Ya kai mu zai yi. Yaran bakin kogi sun san daɗin 'ya'yansa. Tsofaffi kuma sun san ranar da ya yi wa mutane a shekarun yunwa.

Haka duman rafi, mai yaɗo a bakin gaɓa da furensa na shunayya. Ka sare shi, ya dawo. Sai dai makiyaya ba sa son awaki da tumaki su cika ciki da shi, don yana yi musu illa. Haka bagaruwa, da take tsayawa a cikin ruwa har makonni, ta kuma fid da 'yan ƙwallayen furenta masu ruwan ɗorawa da ƙamshi. Magarya ma a wannan tsakanin take huda, ƙudan zuma ya yi ta zarya a kanta.

Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su. Saiwarsu ba ta mutuwa da mutuwar damina. Irin waɗannan shukoki nake so mu cika gidajenmu da su. Ka dasa sau ɗaya, ka yi shekaru kana cin moriya.

Yanzu sai tambaya ta gaba. Me ya sa wasu shukokin ba sa fure sai damina ta tsufa?

Iyayena mata masu yakuwa a bayan ɗaki, ku ne shaida. Tun watan Yuli kuke tsinkar ganyenta kuna miya. Ta yi tsayi, ta yi rassa, amma babu fure. Sai wajen Satumba zuwa Oktoba, rana ɗaya a wayi gari a ga ta fara buɗe furanni masu haske da jan ciki. Ba taki ne ya sa ba. Ba yawan ruwa ba ne. Dare ne ya fara tsawo. Shukar tana auna tsawon dare, da ikon Allah. A nan wajenmu, tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Mu ba ma cika lura ba. Yakuwa tana lura.

Wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, su suka fara bayyana wannan a rubuce a shekarar 1920, bayan gwaje-gwaje a kan taba da waken suya. Amma manomin dawa a ƙasar Hausa ya daɗe da sanin abin a aikace. Dawarmu ta gargajiya, ko ka riga maƙwabcinka shuka da mako biyu ko uku, kusan tare za ku ga ta fid da kai. Lokacinta take jira.

Saboda haka kada ki tuge yakuwarki don ta ƙi fure a watan Agusta. Ba ƙi ta yi ba. Lokaci ne bai yi ba. Kuma wannan jan kwanson da yake biyo bayan furen, shi ne zoɓon da ya fito da sunan Jigawa. Shi ake tarawa a kasuwanni irin su Maigatari, a loda shi har ƙasar Meziko, inda suke shansa kamar yadda muke sha. Fure ne ya haifi wannan ciniki, jama'a.

A nan zan ɗan ratse. Akwai wani fure da yake ƙawata gonakin tudu a daidai wannan lokaci, ruwan hoda mai ɗaukar ido. Baƙo zai tsaya ya ɗauki hoto. Manomi kuwa in ya gan shi sai gabansa ya faɗi. Wuta-wuta ke nan, wasu su ce ƙuduji. Tun a ƙarƙashin ƙasa take maƙale wa saiwar gero da dawa tana tsotse su. Kafin ta leƙo, ta riga ta yi ɓarnar. Tushe ɗaya yana zubar da dubban iri, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya shekara goma a ƙasa bai mutu ba. Wannan furen ba na lallashi ba ne. A tuge shi tun bai yi iri ba, a tara a ƙona. Mu koma gida.

Me za a dasa a tsakar gida wanda zai yi ta maimaita fure?

Ni a ganina lalle ne kan gaba, kuma ba a yi masa adalci ba. Mun san ganyensa. Ba a kai amarya sai da shi. Amma mutum nawa ne suka tsaya suka shaƙi furensa? 'Yan ƙanana ne, farare, a cure a kan reshe. Bayan magariba, in iska ta kaɗa, ƙamshin yana kaiwa har zaure. A wasu ƙasashe turare ake yi da shi. Lalle ba ya tsoron zafin bazara. Ba ya buƙatar ruwa mai yawa. Reshe kawai za ka yanka ka kafa a ƙasa mai laima, ya kama. Kuma a kan sabon toho yake fure. Wannan ita ce dabarar. In ka datse kan reshen da ya gama fure, sai rassa biyu ko uku su fito a ƙasan wurin, kowanne da nasa furen. Uwar gida, in ganye kike so, ki riƙa aske gefe ɗaya. Ɗaya gefen ki bar shi ya huda. Kin ci riba biyu a tushe ɗaya.

Sai zogale. Babu wanda zan koya wa zogale a ƙasar Haɗeja. Abin da zan tuna muku shi ne yana fure fiye da sau ɗaya a shekara, in yana samun ɗan ruwa. Furen fari ne, yana da ƙamshi, ana ma cin sa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi ya miƙe zalalo har ya wuce katanga, ganye da fure duk suna sama inda hannu ba ya kai. A sare shi daidai ƙirji. Kada a ji tausayinsa. Zai fito da rassa da yawa. Amma ku lura, zogale ba ya shiri da kwanciyar ruwa ko kaɗan. Kwana kaɗan a cikin ruwa, saiwar ta ruɓe, a wayi gari ya kwanta.

Rumman ma haka. Jan furensa kamar garwashi, kuma a ƙasashe masu zafi yana hudowa fiye da sau ɗaya a shekara. Manoman rumman a Indiya suna da wata dabara. In suna son itacen ya yi fure a lokacin da suka zaɓa, sai su hana shi ruwa na wasu makonni. Ganye ya fara zuba. Daga nan su yi masa aski, su zuba taki, su sake masa ruwa. Sai ya ɓarke da fure. Lemun tsami ma yana amsa irin wannan horo. Ku riƙe wannan, don yana da alaƙa da abin da zan faɗa kan ruwa.

Akwai kuma baƙin da suka zauna da mu har suka zama 'yan gida. Ga fulawar nan mai ƙaya da take hawa katanga, ja ko shunayya ko fara, wadda ake kira buganbiliya. Daga Kudancin Amurka ta fito. Da damina takan yi ganye shar, fure kaɗan, mai gida ya yi ta ƙorafi. Ka yi haƙuri, Alhaji. Ita da rani take nata bikin. Ruwa na ɗaukewa, in ka rage mata ban ruwa, sai ta rufe katangar da launi har cikin hunturu. Yanzu ne lokacin rage mata dogayen rassan da suka yi tsiri-tsiri.

Ga kuma 'yar gajeruwar nan mai fure fari ko ruwan hoda, mai kunnuwa biyar, da ake gani a harabar makarantu da asibitoci. A littattafai ana ce mata binka. Asalinta tsibirin Madagaska. Kusan duk shekara tana fure, ba ta neman komai sai rana da ƙasa mai tsane ruwa. Daga jikinta masana suka samo magungunan da ake yi wa masu sankarar jini tun wajen shekarun 1960. Amma ina roƙonku, kada wani ya ji wannan ya je ya dafa ta ya sha. Guba ce in ba a hannun masana ba.

Kariya kuwa tamu ce, 'yar yankin Sahel. Ga gindi kakkaura da take ajiye ruwa a ciki, ga fure ruwan hoda da take fitarwa a tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe. A wannan watan ba ta neman ko ɗigo daga hannunka. In tana tukunya, ka janye ta zuwa ƙarƙashin rumfa. Ruwan jikinta ma dafi ne. A nisanta ta da yara da dabbobi.

To, mu zo kan maganar tsinke fure. Me ya sa?

Misali ɗaya zan ba ku, kuma kowa ya san shi. Kuɓewa. In kana tsinkar kuɓewa tun tana danya, kullum sai ka samu wata. In ka yi tafiya ka bar ta ta riƙa a jikin uwa, shi ke nan, uwar ta tsaya. Dalili? Shuka ba don mu take fure ba. Iri take nema. Da zarar ta ga ta samu iri ya ƙosa, sai ta tattara duk ƙarfinta ta zuba a can, ta daina sabon fure. In ka cire furen da ya yi yaushi tun bai zama kwanso ba, ka mayar da ita baya. Dole ta sake gwadawa.

Yadda ake yi ba wuya. Kada ka fizge kan furen kawai ka bar sandar. Ka bi ƙasa har inda ka ga ganye mai lafiya, ka yanke a samansa kaɗan. Ka yi da wuƙa mai kaifi ko almakashi, kada ka daddatse reshen. Ka yi da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a ranar da babu hadari, don ciwon ya samu ya bushe kafin ruwa ya taɓa shi. Kada kuma ka aske shukar tas a rana ɗaya. Ganye shi ne madafarta. In ka kwashe duka, da me za ta ciyar da sabon toho?

Amma kada a yi wa kowa kuɗin goro. Yakuwa kwanson ake so, ba a taɓa furenta. Rumman da lemo 'ya'ya ake so, a bar musu nasu. Ɗaɗɗoya kuwa akasin haka take. Ita ganyenta muke so a miya, don haka da ta fara fid da zangarniyar fure sai a tsinke, ta ci gaba da ganye. Sannan duk abin da kake son irinsa don baɗi, ka ware tushe ɗaya ko biyu mafi kyau, ka bar su su ƙosa. Ka shanya irin a inuwa, ka zuba a kwalba da 'yar toka.

A tsinke furen da ya gama aikinsa. Wannan rabi ke nan. Ɗaya rabin shi ne ruwa, kuma a ƙasar Haɗeja shi ne babba.

Mutane suna ɗauka shuka ba ta ƙoshi da ruwa. Ba haka ba ne. Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙofofi da iska take zama. In ruwa ya cika su ya kwana biyu, uku, huɗu, saiwa ta shaƙe. Abin mamaki, alamar da za ka gani iri ɗaya ce da ta ƙishirwa. Ganye ya yi rawaya, ya langaɓe. Sai mai gida ya ce ruwa take so, ya ƙara mata bokiti. Ya ƙarasa ta ke nan. Kafin ka zuba ruwa, ka tura yatsa cikin ƙasar. In ka ji danshi, ka ajiye bokitin.

Ƙasarmu iri biyu ce, kun sani. Akwai jigawa mai yashi, ruwa na zuba take shanyewa. Akwai laka ta fadama, mai riƙe ruwa kamar randa, in ta bushe kuma ta ƙame ta tsattsage. Gidaje da yawa a kwari suke, a kan laka. Ga shi kuma kogin ba yadda kakanninmu suka san shi yake ba. An gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Tun daga nan tafiyar ruwa ta canza. Inda a da yake zuwa da damina ya janye da rani, yanzu wasu hanyoyin ba sa ƙafewa. Ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa bin inda ba a saba ba. Ba mu manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. A irin wannan ƙasa, wanda ya haƙa rami ya dasa fulawa a ciki, kabari ya haƙa mata.

Saboda haka a ɗaga. A yi tudu. Ka tara ƙasa ta kai kamu ɗaya ko fiye, ka gauraya laka da yashi da ruɓaɓɓen taki. Alhamdu lillahi, mu garin shinkafa ne, ɓuntu ba ya mana wuya. Tsohon ɓuntu, ko wanda aka ɗan babbaka, yana sassauta laka ƙwarai. Ka dasa a saman tudun, ka ja ɗan layi da fartanya daga gindinsa zuwa rariya, ruwa ya samu hanyar fita. In gidanka yana cikin inda ruwa yake shiga duk shekara, to ka koma tukunya. Tsohon tulu da ya tsage, randa da ta fashe, bokitin da ya huje, duk sun yi. Ka tabbata akwai huda a ƙasa. Ka sa tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Ka ɗora a kan bulo. Ranar da ruwa ya zo, ka ɗauke abinka ka kai kan dandamali.

Gargaɗi biyu a nan, kuma da gaske nake. Kada a dasa komai a jikin katangar ƙasa. Ban ruwan yau da gobe yana cin gindin gini, kuma mun ga yadda gidajen ƙasa suke zubewa a ƙarshen damina. A ba da tazara. Sannan kada a bar ruwa ya kwanta a faranti ko gwangwani ko tsohuwar taya da sunan fulawa. Wannan ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna ba yara maganin rigakafi, bai kamata mu kuma mu riƙa kiwon sauro a tsakar gida ba. A kuma share gindin shukoki ya zama fili, don kada wani abu mai ja da ciki ya samu maɓoya.

Maganar taki gajeriya ce. Na san buhun yuriya yana nan a zaure, ragowar na shinkafa. Hannu yana ƙaiƙayi. Kada ka zuba. Yuriya ganye take sa wa, ba fure ba. Za ka samu shuka kore shar, mai taushi, abincin ƙwari, babu ko fure ɗaya. Ɗan ruɓaɓɓen kashin awaki ya isa, da 'yar tokar murhu kaɗan, nesa da gindi. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi.

To wanda ruwa ya riga ya shiga gidansa fa? Allah Ya mayar da alheri. In ruwan ya janye, kada ka yi saurin tuge abin da ka gani a tsaye ba ganye. Ka kankare bawon reshe da farce. In ka ga kore a ciki, da ransa. Ka farfasa ɓawon lakar da ta daskare a gindinsa don iska ta shiga. Ka yanke rassan da suka yi baƙi. Kada ka ba shi taki, kada ka ba shi ruwa, sai ƙasar ta sha iska. Ka ba shi makonni. Lalle da rumman sukan ba da mamaki. Zogale in ya tafi, ka yanko reshe a gidan maƙwabci ka kafa, wannan karon a kan tudu.

Daga nan kuma sai shirin hunturu. Wata guda ko biyu masu zuwa, iska za ta juyo daga gabas, leɓe ya fara tsagewa, tsuntsayen da suke tasowa daga Turai su fara sauka a Baturiya. Gawo, da ya yi damina tsirara, shi kuma a lokacin zai sa ganye ya yi fure. A wannan gaɓa lissafi ya juya. Ka rufe gindin shuka da ɓuntu ko tattaka don laima ta daɗe, amma ka bar ɗan fili a jikin itacen saboda gara. Ka riƙa ba da ruwa mai yawa jefi-jefi, ya fi yayyafi kullum. Ba sai ka sayi ruwa ba. Ruwan alwala ya isa tushen lalle. A ajiye buta a kusa da shi, a riƙa alwala a wurin. Ruwan wankin shinkafa ma ya yi. Ruwan omo da na gishiri ne ba a so.

Yanzu bari in dawo ga ɗan uwana da ya ce ana ta kai wa yake ta kaya. Gaskiyarka, wanda gonarsa take ƙarƙashin ruwa ba fure ne a gabansa ba. Amma duba abin da na lissafa. Zogale miya ne. Yakuwa miya ce, kuma kuɗi ce. Lalle ana daka shi a sayar. Rumman da lemo magani ne a gida. Wannan ƙudan zumar da yake zuwa furen zogale, shi ne yake wucewa kan kabewa da kankana da riɗi, ya sa su ɗauki 'ya'ya. Ranar da hanya ta yanke, kasuwa ta gagara, abin da yake tsakar gida shi ake sa wa a tukunya.

Abin da ya fi damuna ma ba talaka ba ne. Masu hali ne. Yanzu in mutum ya gina sabon gida, sai ya malale tsakar gidan da siminti ko intalok daga bango zuwa bango. Ko tafin hannu ba a bar wa ƙasa ba. Da bazara gidan ya zama tanda. Da damina ruwan da ya kamata ƙasa ta sha ya kwarara titi, ya shige gidan maƙwabcin da yake ƙasa da shi. Sannan a sayo fulawar roba a ajiye a falo, ana kakkaɓe mata ƙura. Haba Alhaji. Ka sa magini ya ɗaga bulo huɗu a kusurwa. Bulo huɗu kawai. Ka kafa lalle a wurin.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Gobe da hantsi, in babu hadari, ku ɗauki wuƙa ku zaga tsakar gida. Ku duba inda ruwa ya kwanta ku buɗe masa hanya. Ku tsinke abin da ya yi yaushi. Yara, a taya Inna ɗora tukwane a kan bulo, a kifar da gwangwanayen da suka tara ruwa. Wanda yake da lalle ya yanka wa maƙwabcinsa reshe biyu, yanzu da ƙasa take da laima ne zai kama. Masu gadin jinga da dare, sannunku da ƙoƙari, Allah Ya tsare ku, Ya tsare garin.